Ashe Batir Ne: Labarin Kaset Ɗin Yaya

Yau na ajiye maganar tsadar masara da ta hanya. Labarin wani ɗan abu zan ba ku, wanda bai fi tsohon sulai girma ba, amma ya sa na yi shekara goma sha huɗu ana yi mini kallon mai rantsuwa a kan ƙarya a cikin gidanmu. Dattawa ku yi haƙuri, maganar gem ce, amma ku daure ku kai ƙarshe, akwai rabonku a ciki.

Duk wanda ya yi yarinta a unguwanninmu ya san gem ɗin talabijin mai kaset ruwan ɗorawa, wanda ake rubuta wa wasa 999,999 a jiki, alhali in ka zauna ka ƙirga ba su wuce goma sha ba, sauran duk maimaici ne. Shi wannan bai san wani abu wai shi ajiya ba. Ka yi awa biyu kana fama, ka kai mataki na bakwai, a ɗauke wuta, shi ke nan, gobe sai daga farko. Wasu wasannin sukan ba ka 'yan haruffa ka rubuta a bayan littafin makaranta, in ka dawo ka shigar da su su mayar da kai kusa da inda ka tsaya. A gidan gem kuma akwai ɗan memorin PlayStation mai gida 15, wanda mai gidan ya fi tsaronsa fiye da aljihunsa, don a ciki ƙungiyoyin ƙwallon kwastomominsa suke kwana. Iyakar saninmu ke nan.

To a 2008 sai Yayana, wanda ya ba ni shekara shida, ya tara kuɗin dakon da Baba ke ba shi in an sauke buhuna, ya je wajen 'yan gwanjo a Suleja ya sayo Game Boy Advance da kaset biyu. Ɗaya ruwan zinariya, Pokémon Gold, ɗayan kore, Pokémon Emerald. Abin da ya ɗaure mana kai shi ne, sai a kashe na'urar, a ma cire ƙananan baturan nan biyu irin na agogon bango, amma gobe in an kunna sai wasan ya ci gaba daga daidai inda aka tsaya. A cikin na zinariyar ya tarar da sunan wani yaron Bature, ya goge ya sa nasa, don gurbin ajiya ɗaya ne tak a kaset ɗin. Sunan ma bai shiga duka ba, haruffa bakwai kawai ake yarda, sai da ya gutsure shi. Ya fi shekara yana kansa, da ƙamus a gefe, har Turancinsa ya gyaru. Ya haɗa lambobin yabo 16 ɗin nan duka, agogon wasan ya nuna awa ɗari da wani abu. Doka ɗaya ya kafa mini: in kalla, amma kada in taɓa.

Gab da babbar sallar 2009 Baba ya tafi da shi gida, can ƙasar Katsina, sayo raguna. Kwana tara suka yi. A rana ta bakwai na kasa haƙuri, na ɗaga katifa na ɗauko. Na kunna, kiɗan ya tashi, na danna. Jama'a, kalmar nan ta "Continue" da nake gani kullum a hannun Yaya babu ita. Sai "New Game" kawai. Na kashe, na zare kaset ɗin na hura masa iska kamar yadda kowa ke yi, na goge da gefen riga, na mayar. Babu. Na yi haka ya fi sau goma, gumi na keto mini. Daga ƙarshe na mayar ƙarƙashin katifa yadda na same shi, na ja bakina na yi gum.

Ranar da suka dawo, ko wanka Yaya bai yi ba ya ɗauko. Ihun da ya yi sai da Inna ta saki muciya. Ya san akwai maɓallai uku da in an danna su tare suke goge komai, ya ce su na danna. Magana ta kai gaban Baba. Shi Baba gem shirme ne a wajensa, amma mutum ne da ya ce jarin ɗan kasuwa bakinsa ne. Ya dube ni ya ce, "Kai, ka ɗauka ko ba ka ɗauka ba?" Na ce, "Na ɗauka, Baba." Ya ce, "Gogewar fa?" Na ce, "Wallahi tallahi ban goge ba." Ya ce, "Abu yana nan lafiya, ka taɓa, ya ɓace, sannan ka kamo sunan Allah?" Ya tsula mini bulala, ya kuma gaya mini ta rantsuwa ce, ba ta kaset ba. Da dare Yaya ya fara sabon wasa ya yi sebin, da safe ya tarar babu. Ya sake, babu. Sai ya ce ban tsaya a gogewa ba, kaset ɗin na lalata gaba ɗaya. Daga ranar ƙannena suka laƙaba mini "Wallahi-tallahi". Ko canji ne ya yi gardama a shago, sai in ga an fara kallon inda nake. Ni kaina har na fara zargin kaina, ina cewa wataƙila hurawar nan ce ta yi ɓarna.

A daminar 2023 ɗakinmu ya fara yoyo, muna kwashe kaya na ci karo da gwangwanin biskit, a ciki ga Game Boy ɗin ga kaset biyun. Yaya ya daɗe da komawa Legas da iyalinsa. Na kai wa wani mai gyaran waya a Suleja, ya kankare gishirin da tsofaffin batura suka bari, na'ura ta tashi. Muka sa koren kaset. Sai ga sunan Yaya, ga awoyinsa, komai na nan, illa wani ɗan saƙo da ya fito cewa batirin ciki ya ƙare, abubuwan da suka dogara da agogo ba za su yi aiki ba. Muka sa na zinariya, wayam kamar yadda na gan shi ina ɗan shekara tara. Na ce, "Injiniya, wane batirin ciki kuma? Kaset yana da batir ne?" Ya ce, "Ɗan Alhaji, bari mu buɗe mu gani." Notin bayansa irin na musamman ne, ba shi da sukundirebansa, sai ya narka bakin biro da ashana ya danna a kai, ya huce, ya murɗa. Muna buɗewa sai ga batir ɗan fele-fele irin na rimot ɗin mota, an like shi da dalma a jikin fanel. CR2025 aka rubuta, da lamba 00-09, wato watan tara na shekarar 2000. Sa'ana ne. Ya ɗora mita, abin da ya kamata ya nuna bolt 3, ko motsi bai yi ba.

Na dawo gida na yi ta bincike a waya har na fahimci abin, ga shi kuma a taƙaice yadda ɗan tireda zai gane.

A cikin kaset akwai ma'ajiya iri biyu. Ta farko ita ke ɗauke da wasan kansa, kamar littafin da aka buga a maɗaba'a take, ana karantawa ba a rubutu a ciki. Ta biyu ƙarama ce, a nan ake rubuta sunanka da inda ka tsaya da abin da ka tara. A tsofaffin kaset wannan ta biyun SRAM ake ce mata, halinta kuma irin na lissafin da mutum ya riƙe a ka ne, muddin da wuta a jikinta tana tune, wuta na yankewa ko na ɗan lokaci ne ta manta. In na'ura na kunne, ita ke ba ta wuta. In an kashe, sai ɗan batirin nan ya karɓi aiki, dare da rana, ko kaset na cikin gwangwani. Dabarar ta daɗe. The Legend of Zelda da ya fita a Amurka a 1987 da ita ya zo, da ma'ajiya mai kilobayit 8, har ana gargaɗin mai wasa ya danne maɓallin risit yayin da yake kashe na'ura don kada fizgar wuta ta hargitsa ajiyar. Ta Pokémon Gold kilobayit 32 ce. Hoto ɗaya da za ka ɗauka da waya yau ya ninka ta sau da yawa, amma shekarar Yaya guda a ciki take.

Me ya sa na zinariyar ya mutu da wuri, alhali akwai kaset da suka girme shi da har sun haura shekara ashirin da ajiyarsu? Saboda shi an sa masa agogo. Wasan ya san safe da dare da ranakun mako, kuma agogon nan ba ya tsayawa ko an kashe, daga batir ɗaya suke sha shi da ma'ajiyar. Baki biyu a kan kwano ɗaya. Shi ya sa Gold da Silver da Crystal suka yi suna wajen saurin cinye batir. Namu ya yi shekara tara yana aiki, ya zo ya cika a cikin kwana taran da Yaya ba ya nan. Ko ban ɗaga katifar ba, abin da zai tarar ke nan.

Shi kuwa koren, wanda ya fito a Japan a 2004, ajiyarsa a ma'ajiyar filash take, irin ta memorin waya. Wannan kamar allo take, in an rubuta ya zauna, ba ya bukatar wuta, sai ranar da aka wanke aka sake rubutu. Batirinsa na agogo ne kawai, shi ya sa ya mutu bai tafi da komai ba. Akwai kuma wata hikima da ta burge ni. Kilobayit 128 ɗin nan, wasan yana ajiye kwafi biyu a ciki, yau ya rubuta a wannan, gobe a wancan, kowanne da ɗan lissafin tantancewa. In wuta ta yanke ana tsakiyar rubutu, sai ya ga lissafin sabon bai daidaita ba, ya koma kan na baya. Sai dai a kula, jabun kaset da suka cika kasuwa da yawansu ba haka cikinsu yake ba, wasu SRAM da batir mai arha aka cusa musu.

Wannan bincike shi ya kai ni ga kaset mai memori, wanda ake kira kaset ɗin filash. Siffarsa ta kaset ce sak, amma yana da 'yar kafa da ake zura ƙaramin memori irin na waya, a zuba wasanni da yawa a zaɓa daga jeri. Sanannu a ciki akwai EverDrive, na wani ɗan ƙasar Yukren da aka fi sani da Krikzz, da EZ-Flash na China. Na sa aka yi mini odar wani mai araha marar suna, ina murna na rabu da matsalar batir har abada tunda ga memori. Ashe da sauran karatu.

Abin da ban sani ba shi ne, shi wasan bai san da zaman memori ba. An rubuta shi tun kafin a yi irin wannan kaset, don haka in ka yi sebin, inda ya saba kaiwa yake kaiwa. Kaset ɗin sai ya tanadar masa 'yar ma'ajiya irin ta da, daga baya shi kuma ya kwashe ya kai memori, ya ajiye a matsayin fayil mai ƙarewa da .sav ko .srm, mai suna ɗaya da wasan. Wato zango biyu ne, kuma a tsakanin zangon nan ake asara. Iri uku na gano. Akwai marar batir, kamar EverDrive GB X3, wanda dole ka koma jerin wasanni kafin ka kashe, a lokacin yake kwashewa. Akwai mai batir, wanda ke riƙe ajiyar har sai ka sake kunnawa sannan ya kwashe. Akwai kuma irin EZ-Flash Omega na 2018, wanda ke kai wa memori nan take, amma sai ka ba shi 'yan daƙiƙu bayan sebin kafin ka kashe, in ba haka ba ka yanke shi a tsakiyar rubutu. Wasu sababbin suna amfani da wata ma'ajiya mai suna FRAM, wadda ba ta mantuwa ko babu batir, irin wadda Sega ta sa a kaset ɗin Sonic 3 tun 1994.

Nawa mai batir ne, batirin kuma ya riga ya gaji tun a shagon da ya fito. Wani dare na yi wasa mai tsawo, na yi sebin, na kashe, washegari muka tafi gida biki, sai bayan mako uku na dawo. Na kunna, aikin daren nan babu shi. Gabana ya faɗi irin faɗuwar 2009. Amma da na duba, sai na ga wasan ya dawo da ni inda na tsaya kwana ɗaya kafin nan, don wancan an riga an kwashe shi zuwa memori. Dare ɗaya na rasa, Yaya kuwa shekara ya rasa.

Ga masu irin wannan kaya, ga abin da na koya da kuɗina. In ka yi sebin ka kashe, sake kunnawa nan take ka bari ya kwashe, sannan ka ajiye. Kada ka canza sunan wasa ka bar fayil ɗin ajiya da tsohon suna, ba za su gane juna ba. Lokaci-lokaci ka zare memori ka kwafi fayilolin a waya ko kwamfuta, don filash ma tana gajiya da yawan wankewa, ga kuma jabun memori da ke nuna girman da ba su da shi. In kuma tsohon kaset na asali ne gare ka da ajiyarsa a raye, kada ka yi gaggawar kai shi a canza batir, don ana ɗaga tsohon ajiyar ta tafi. Akwai 'yan na'urori irin su GBxCart da ake kwafe ajiyar da su zuwa kwamfuta tukuna, sannan a sa ayon.

Da na gama fahimtar zango biyun nan sai na yi dariya, don tun ina yaro nake ganin Baba yana yin haka. Da rana in ciniki ya yi zafi, mai karɓar mudu biyu na shinkafa bashi, Baba a ka yake riƙewa, ko ya ɗan karce da ajami a jikin kwalin sukari. Bayan isha'i sai ya jawo babban littafi ya kwashe duka, ba ya kwana bai yi ba, ko zazzaɓi yake. Ya ce abin da ya kwana a ka rabinsa na shaiɗan ne.

Na tura wa Yaya hoton batirin ta WhatsApp da dogon bayani. Amsarsa ta farko ita ce, "Wane kaset?" Kun ji fa, ni ina ɗauke da abu shekara goma sha huɗu, mai kayan ya manta. Bayan kamar awa ɗaya sai ga kiransa. Ya yi dariya har da tari, sannan ya yi shiru, ya ce, "Ƙanina, na ɗauki alhakinka. Ka yafe mini." Na ce na yafe.

Baba kuwa a shago na same shi bayan la'asar, na ajiye batirin a kan sikeli. Na ce, "Baba, kun tuna bulalar da kuka yi mini a kan gem ɗin Yaya?" Ya ce ya tuna. Na yi masa bayani da misalin kwali da littafi. Ya juya batirin a tafin hannunsa, ya ce, "To ranar da ka kunna ka ga babu, me ya hana ka gaya wa uwarka tun a lokacin?" Ban da amsa, don gaskiyarsa ce, shirun da na yi na kwana biyu shi ya ba zargin ƙafa. Bai ƙara cewa komai ba har muka yi magariba. Sai da muke jan ƙofar shago, yana laluben kwaɗo, na ji ya ce, kamar da kansa yake magana, "Ashe batir ne." Wanda ya san iyayenmu ya san abin da wannan ke nufi. Tun daga ranar ban sake jin kowa a gidan ya kira ni da wancan sunan ba.

Yanzu ga rabon dattawa da na yi alkawari. Filin da gidanmu yake kai, Baba ya saye shi ne daga wani dattijon Gbagyi tun kafin a haife ni, a gaban shaidu uku, aka yi musabaha aka sha ruwa. Dattijon mutumin kirki ne, bai taɓa ɗaga maganar ba har ya bar duniya. Cikin shaidun biyu sun rasu, na ukun ya koma gida idonsa ya tafi. Inda iyaka ta tsaya, nawa aka biya, wa da wa ke wajen, duk a kan Baba suke, kuma na san gidaje da yawa a unguwarmu haka suke. Da na ga abin da ya sami kaset ɗin Yaya, sai na takura wa Baba har muka zauna dare uku yana faɗa ina rubutawa. Muka je wajen 'ya'yan marigayin, suka karɓe mu hannu biyu, aka karanta a gaban mai unguwa kowa ya sa hannu. Kwafi ɗaya na wajensu, ɗaya a akwatin Inna, hotonsa kuma na tura wa Yaya Legas. A zaman nan ne ma na fara jin sunan kakan kakana da garin da ya taso, abin da ban taɓa tambaya ba. Allah Ya ƙara wa iyayenmu lafiya da nisan kwana, amma wanda nasa ke raye ya samu biro da littafi ya zauna da su tun yau.

Kaset ɗin zinariya Injiniya ya sa masa sabon batir, naira ɗari biyar har da kuɗin aiki. Na fara sabon wasa, da aka tambayi suna na rubuta gutsurarren sunan Yaya, haruffa bakwai. Ina jiran ya zo sallah in miƙa masa, in kuma kafa masa doka: ya kalla, amma kada ya taɓa.

Duk wanda ke da tsohon kaset a gida yana son a duba masa, ya same ni a shago bayan la'asar. Sai mun haɗu a rubutu na gaba in Allah Ya kai mu. Wassalam.